Datarka ba a jere take ba: FFT, Lomb-Scargle ko NUFFT, wanne za ka ɗauka?

Toh 'yan uwa masu aikin sigina, FFT ɗin nan da kowa ya saba da ita, wato lissafin da ke rarraba sigina zuwa firikwansinta (sau nawa abu ke maimaita kansa a daƙiƙa, ana auna shi da Hz), wadda Cooley da Tukey suka fito da ita a 1965, tana da sharaɗi guda ɗaya da ba ta yafewa: dole tazarar da ke tsakanin awo da awo ta zama iri ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Amma data ta gaskiya ba haka take zuwa ba. Bugun zuciya ba ya bin agogo, masu nazarin taurari ba sa iya awo da rana ko in hadari ya rufe sama, kai ko sensa ɗin da ka haɗa don furojet ɗinka in aka ɗauke wuta ko netwok ya yanke sai ka tarar da giɓi na awanni. In ka ɗura wannan cikin FFT haka nan ba za ta yi ƙorafi ba, amsa za ta ba ka, sai dai amsar ƙarya ce.

Hanya mafi arha, kuma ita yawancin mutane ke fara ɗauka, ita ce cike giɓi. Wato ka zana layi tsakanin awon da kake da su, ka ƙirƙiro sababbin maki a jere, sannan ka kira FFT. Masu nazarin bugun zuciya haka suke yi da yawa, sukan sake jera datar a kan awo 4 a daƙiƙa kafin su duba zangon 0.04 zuwa 0.15 Hz da na 0.15 zuwa 0.4 Hz. In ɗan karkacewa ce kawai a lokacin, kuma abin da kake nema yana canzawa a hankali, ba laifi, ɗauka. Amma ka sani algus ne, kamar nonon da aka tsula wa ruwa, ƙwarya ta cika amma ba duka ne nono ba. Layi miƙaƙƙe yana danne firikwansi na sama, kuma in giɓin babba ne to abin da za ka gani a firikwansi na ƙasa, layin da ka zana ne da hannunka, ba siginar ba. Ni gaskiya in giɓi ya fi tsawon zagaye ɗaya na abin da ake nema bana ba kowa shawarar wannan hanyar.

Akwai kuma wadda ake rainawa, lissafin kai tsaye, ka ɗauki kowane awo da ainihin lokacinsa ka ninka da sain da kosain (lanƙwasa masu hawa da sauka a kai a kai) na kowace firikwansi ka tara. Layi uku ne a NumPy, kayan lissafi na Python. Matsalarta nauyi ne kawai, awo 2,000 da firikwansi 2,000 ninki miliyan 4 ne, laftof ɗinka ba za ta ma ji ba, amma in suka kai 100,000 kowanne sai ka koma biliyan 10, nan ne za ka fara jira. In datarka ƙarama ce ka tsaya nan abinka.

In ta yi yawa shi ne NUFFT, wato FFT ta datar da ba a jere take ba, ke shigowa. Amsa ɗaya take bayarwa da lissafin kai tsaye, sauri kawai ta fi shi. Dutt da Rokhlin suka shimfiɗa ta a 1993, Greengard da Lee suka ƙara mata gudu a 2004, dabarar kuma ita ce a baza kowane awo a kan layin maki masu jere wanda yawanci ya ninka na asali sau 2, a yi FFT, sannan a cire tasirin bazawar. Da ita ake haɗa hoton MRI idan na'urar ta ɗebo data a zagaye ko a murɗe maimakon a layi-layi. A kasuwa akwai FINUFFT ta Alex Barnett da abokan aikinsa a cibiyar Flatiron da ke New York, kyauta ce, tana aiki da Python, C++ da MATLAB, kai za ka faɗa mata iya kuskuren da za ka lamunta, kuma tana da samfurin da ke aiki a kan GPU, wato katin hoto na kwamfuta. Akwai NFFT ta jami'ar Chemnitz a Jamus, tsohuwar hannu ce, sai dai lasisinta GPL ne, mai tilasta ka buɗe lambobin manhajarka in ka rarraba ta, in kayan sayarwa kake ginawa ka duba wannan da kyau, ita FINUFFT lasisinta Apache ne, wanda ya fi sassauci. MATLAB ma ta saka nufft tun fitowar R2020a, in makarantarku ta biya lasisi.

Ga inda mutane ke ruftawa fa. NUFFT ba ta gyara giɓi. Inda awo suka cunkushe sun fi ƙarfin murya a cikin jimlar, inda babu kuma shiru, don haka in ainihin siginar kake so ka dawo da ita sai ka ƙara aiki, ko ka ba kowane awo nauyi gwargwadon tazararsa da maƙwabtansa, ko ka yi ta maimaita lissafi har ya daidaita. Wanda ya ce maka ka kira ta sau ɗaya shi kenan bai gaya maka duka ba.

Sai Lomb-Scargle, daga aikin Lomb a 1976 da Scargle a 1982. Ita tambayarta daban ce, a kowace firikwansi tana gwada lanƙwasar sain a kan awon da kake da su kaɗai, ta gaya maka yadda ya dace, ba ta ƙirƙiro ko maki ɗaya. In tambayarka ita ce akwai wani abu mai maimaita kansa a datar nan, kuma duk tsawon wane lokaci, wallahi ita ce taka, kar ka wahalar da kanka. Ba da ita ake tace sigina ko haɗa hoto ba, ba aikinta ba ne. A Python tana cikin SciPy, tana cikin Astropy, a MATLAB sunanta plomb. Ni na fi son ta Astropy saboda tana karɓar kuskuren kowane awo, tana kula da matsakaicin datar da kanta, tana da hanya mai sauri, kuma tana ƙiyasta maka yiwuwar tsinin da ka gani a jadawalin firikwansi sa'a ce kawai. Ta SciPy kuma ka kiyaye, firikwansi a radiyan take karɓa ba Hz ba, sai ka ninka da 2π tukuna.

Ko wacce ka zaɓa, kafin ka yarda da ita ka yi wannan gwajin. Ka ɗauki ainihin lokutan awonka, ka ƙirƙiri sain wanda kai ka san firikwansinsa, ka ɗora a kan lokutan nan ka gani ko za ta dawo maka da shi, da kuma tsinin bogi nawa za su fito a gefensa. Tsarin giɓin kansa yana haifar da tsini, masu kallon taurari daga ƙasa sun san wannan sosai don awon dare-dare kan jawo musu na bogi masu alaƙa da kwana 1, kuma in wutarku kusan lokaci ɗaya take tafiya kullum to kai ma irinsa za ka gani a datarka.