Mun je Rijiyar Kusugu da yara, ga abin da na gani

Hutun nan da ya wuce na kwashi yara muka je Daura, kuma wallahi kuɗin man da na ƙona bai tafi a banza ba. Rijiyar tana cikin gini an kewaye ta, wani dattijo ne ya tarbe mu ya zagaya da mu, shi ma ya sa nake wannan rubutun don ya iya aikinsa sosai.

Bai yi mana sauri ba ko kaɗan. Ya tsaya bakin rijiyar ya ɗauko labarin tun daga Bagadaza, yadda Bayajidda ya biyo ta Borno, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya sauka gidan tsohuwa Ayana da dare ya nemi ruwa ta ce ai macijin da ke rijiyar, mai suna Sarki, ba ya bari a ɗiba sai ran Juma'a, ya karɓi guga ya je ya sare masa kai, sarauniya Daurama ta aure shi. Autana har riƙe min riga ya yi yana leƙa ciki. Aka jawo ruwan muka sha, da sanyinsa.

Babbar 'yata da ke jami'a ta ce Baba ai malaman tarihi da yawa sun ce almara ce, kuma akwai Hausawa tun kafin wannan labarin. Dattijon bai ji haushi ba, ya ce 'yata to ki kirga min 'ya'yan Bawo, ɗan Bayajidda. Ta kirga, Daura, Katsina, Kano, Rano, Zazzau, Gobir, ya ƙara mata Biram ta Garun Gabas ya ce ga Hausa Bakwai nan. Ni abin da ya taɓa ni ke nan, don ko da Bayajidda bai taɓa taka ƙasar nan ba labarinsa ne ya sa Bagobirin Tsibiri can Maraɗi da Bazazzagi suke ganin kaka ɗaya gare su, alhali Turawa sun shata iyaka tsakaninsu. Yarana Kano aka haife su, amma ran nan ne suka fara cewa ashe Daura gida ce.

Ku je da safe kafin rana ta take, ku riƙe ɗan abin hasafi na mai zagayawa da ku, ya cancanta. Tauraro biyar na ba su.