Shakazoban tsohuwar BMW 330Ci: na asali, Bilstein, Koni ko coilover?

Ɗaya daga cikin 'yan uwa ya yi tambaya a kan motarsa, BMW 330Ci mai ƙofa biyu ƙirar 2003, wato jerin da ake kira E46. Ya ce ta haura kilomita 200,000, tana lilo idan ta sauka daga tudun rage gudu, akwai ƙwanƙwasa ta wajen but, kuma sitiyari na karkarwa idan ya taka birki. A cikin gari yake hawanta, sai tafiya jefi-jefi. Yana so ya san wanne ya fi: ya mayar da irin na asali, ya sa na kamfanin Bilstein ko Koni, ko kuwa ya sayi coilover, wato shakazoban da ake saita tsayin mota da shi, ya sauke ta ƙasa.

Malam, cikin abubuwa ukun da ka lissafa, lilon ne kaɗai laifin shakazoba. Karkarwar sitiyari lokacin birki, a wannan motar, sau da yawa daga bushin bayan lowa-am na gaba, wato hannun ƙasa da ke riƙe tayar gaba, take fitowa. Roba ce mai ruwa a ciki, idan ta fashe sai ƙafar ta riƙa matsawa gaba da baya. Ƙwanƙwasar but kuwa robar da ke riƙe kan shakazoban baya ce, sanannen ciwon E46. Ka ɗaga shimfiɗar gefen but ɗin ka duba, za ka iya tarar da robar ta tsage ko sandar na wasa a tsakiyarta. Idan kuma gindin motar na ɗan karkata lokacin da ka ba ta wuta ko ka ɗaga ƙafarka daga totur, to bushin dogon hannun da ke riƙe tayar baya ne ya gaji. Ko shakazoban da ya fi kowane tsada ka ɗaura a kan waɗannan robobi, motar ba za ta gyaru ba. Saboda haka kasafin roba shi ne farko, abin da ya rage shi zai faɗa maka irin shakazoban da za ka saya.

Irin na asali, wato Sachs, ko takwaransa Bilstein B4, masu bututu biyu ne. Mai yana zagayawa tsakanin bututun ciki da na waje, iskar da ke ciki ba ta da matsi sosai, shi ya sa suke shanye ƙananan gargada ba tare da sun kai wa mai tuƙi ba. Su ne mafi sauƙin kuɗi, tsayin motar ba ya canjawa, kuma suna tafiya da sifirin ɗin da ke jikinta. Mutane na raina su ne don suna gwada su da gajiyayyun da suka cire, sun manta cewa motar da ake yabo a 2003 da irinsu ta fito. Abin lura ɗaya: E46 na da ƙafar yau da kullum da kuma ta M Sport, wadda ta fi ƙasa da kimanin milimita 15. Shakazobansu da sifirin ɗinsu ba ɗaya ba ne. Ka ba mai kaya haruffa bakwai na ƙarshen lambar shasi ya duba, kada a sayar maka da ido.

Bilstein B6 da B8 masu bututu ɗaya ne, da iskar naitirojin mai matsi da wani fistin ya raba ta da mai. Mai ba ya kumfa, zafi na fita da wuri, don haka ba sa sanyin jiki ko an daɗe ana dukansu a doguwar hanya. Motar na tsayawa cak a kwana, ba ta duƙawa sosai a birki. Amma kowane faci da kowane gaɓar kwalta za ka ji shi a kujera, musamman a ƙaramin gudu, wanda shi ne gudun cikin gari. Bambancin su biyun tsawo ne: B6 na sifirin mai tsayin asali, B8 an gajarta shi don sifirin da ke sauke mota. Kuma na gaba suna zuwa da robar tsayawa, wadda ke tare shakazoba idan ya nitse har ƙarshe, a cikinsu, ba a ƙara ta waje. Makanikai da yawa na cusa tsohuwar a kai, sai ƙafar ta rasa wurin motsi.

Koni Sport, mai launin rawaya, ɗan Holan ne, bututu biyu, kuma ana iya saita ƙarfin dawowarsa bayan ya nitse. Na gaba ta sama ake juya shi da ɗan maɓalli, na baya a yawancin nau'in sai an ciro shi an danne shi kafin a juya, don haka a yanke shawara kafin a ɗaura. A fara daga kusa da mafi laushi, a ƙara rabin juyi idan ana so. Idan aka matse shi da yawa a hanya mai ramuka a jere, ƙafar ba ta samun damar miƙewa kafin rami na gaba, sai motar ta yi ta nitsewa har ta zauna a kan robar tsayawa. A ganinmu shi ne tsaka-tsakin da ya fi dacewa da wanda ke son motar ta ɗan yi tsauri amma bayansa ya huta. Akwai kuma jan Koni Special Active, mai sassautawa da kansa a kan gargada. Da sifirin na asali aka nufe shi.

Sai maganar sauke mota, wadda a nan ne ake yawan asarar kuɗi. Sifirin shi ke ɗauke da nauyi kuma shi ke yanke tsayi, shakazoba aikinsa hana lilo ne kawai. Sifirin irin Eibach Pro-Kit na sauke E46 da kimanin milimita 25 zuwa 30. Wannan tazarar daga wurin motsin ƙafa ake cire ta. Idan ka haɗa gajeren sifirin da shakazoba mai tsawon asali, zai riƙa aiki a ƙarshen tafiyarsa, ya yi ta dukan roba, ya mutu da wuri. In dole sai an sauke, a sayi haɗin da aka yi tare, kamar Bilstein B12, wanda B8 ne da sifirin Eibach. Amma ka tuna kaskon man injin motarka, wato M54, na alminiyam ne, ba ya lanƙwasa, fashewa yake. Tudun rage gudun da 'yan unguwa suka zuba da siminti ba ya duba tsadar mota.

Coilover shakazoba ne mai zare a jiki, ana juya zobe a ɗaga ko a sauke motar. Na kirki irin KW ko Bilstein B14 kaya ne masu kyau, sai dai ko a mafi tsayinsu motar na ƙasa da asali, sifirin ɗinsu kuma ya fi tauri. Masu arha marasa suna su ne mafi muni a duk jerin nan: sifirin mai tauri a kan shakazoban da ba zai iya riƙe shi ba, sai motar ta yi ta tsalle kamar akuya. Ƙurar hunturu da ruwan damina na cika zaren har zoben ya ƙi juyawa, waɗanda kan shakazobansu ƙwallon ƙarfe ne maimakon roba kuma ba sa daɗewa suke fara ƙara. Ga wani haɗari da ya shafi E46 musamman: ƙarfen jikinta inda kan shakazoban gaba ke zama yana kumbura sama idan duka ya yi yawa, kuma ƙasan but, inda gadon ƙafar baya ke ɗaure da noti huɗu, yana tsagewa. Ƙafa mai tauri na ƙara wa wuraren nan wahala. Kafin ka sayi komai, a ɗaga motar a haska wajen da tocila. Idan akwai tsaga, mai walda ne farko, da farantan ƙarfafawa.

Shakazoban tokumbo ba ma ba da shawararsa. Ba ka san shekarunsa ba, danna shi da hannu a shago kuma ba ya nuna komai.

Ga motarka da irin hawan da ka faɗa, mu Sachs ko B4 za mu sa a tsayin asali, in aljihu ya yarda a ɗaga zuwa Koni Sport. B6 sai ga wanda yawancin tafiyarsa a shimfiɗaɗɗiyar babbar hanya take. Tare da su a canja kan shakazoba huɗu, robobin tsayawa da rigar ƙura, bushin lowa-am biyu, bushin hannun baya biyu da linkej. Lemförder shi ne sunan kamfanin da ake nema a waɗannan. Bushin baya a bar shi na roba. Na roba mai tauri da ake kira poli yana ƙara, kuma yana hana hannun juyawar da aka tsara masa. A duba sifirin baya da kyau, zagayen ƙarshe na ƙasa kan karye ya ɓuya a mazauninsa, motar ta ɗan kwanta gefe guda. Idan rim ɗinka inci 17 ne da taya 225/45, ka zauna a nan, inci 18 na rage naman tayar da ke kare rim daga rami.

Wajen ɗauri, biyu-biyu ake canjawa, hagu da dama. Sifirin gaba sai da abin matse shi na gaske, ba waya ko igiya ba. Kada a kama sandar shakazoba da filaya, ƙarzuwa kaɗan ta isa ta yanka robar da ke tsare mai. Kada kuma a buga notin sama da bindigar iska. Duk notin da ya ratsa bushin roba, kamar na ƙasan shakazoban baya, ana ƙarasa ɗaure shi ne bayan nauyin motar ya hau ƙafafunta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage cikin watanni. In fitilunka zenon ne, a cire ɗan sandar na'urar saita haske da ke maƙale da hannun ƙafa kafin a saki ƙafar, don karyewa take. Notin taya a ɗaure shi a 120 Nm na ma'aunin ƙarfin ɗauri. A hau motar kwana biyu ko uku ta zauna, sannan a kai ta alaimen na ƙafa huɗu, domin cire hannun baya na ɓata saitin tayoyin baya, kuma cikin tayar ne zai fara cinyewa.