Ƙamus ɗin Oxford a waya da takardar hayar ɗaki

Duk wanda ya kama ɗaki a unguwar Nima ko Mamobi a Accra ya san takardar da mai gida ke miƙo masa bayan an ƙirga adibas. Turanci ne zalla, kuma agree da consent ba sa rasuwa a cikinta. Da su muka gwada shafin Oxford Advanced Learner's Dictionary, ƙamus ɗin masu koyon Turanci da bugunsa na goma ya fito a 2020. Ana buɗe shafin kyauta a waya.

Inda ya cancanci yabo shi ne yadda yake rarrabe ƙaramar kalmar da ke bin agree, kowace da misalanta. Agree with mutum, ra'ayinku ya zo ɗaya. Agree on abu, kun daidaita a kansa ku biyu, kamar kuɗin wata. Agree to kuwa, ka ɗauki alkawari ke nan. Wannan bambanci kuɗi ne. Mai gida na iya yarda da kai cewa kwanon rufi na yoyo, alhali bai ce zai gyara ba. Idan takarda ba ta ce "agrees to repair" ba, damina za ta same ka da bokiti a tsakar ɗaki. Misalan kuma suna nuna cewa "I agree" ake faɗi, ba "I am agree" ba.

Consent izini ne daga mai iko da abu. In ka ga "without the written consent of the landlord", to "ba komai" da ya faɗa maka a ƙofar masallaci ba ta wadatar ba. Kafin ka fasa bango don taga ko ka bar wa wani ɗakin haya, mai gida ya rubuta izininsa, ya sa hannu da kwanan wata.

Raunin ƙamus ɗin a fili yake. Babu Hausa, kuma sai da data. Mafi muhimmanci, ba littafin shari'a ba ne. Ba zai gaya maka cewa dokar haya ta Ghana ta 1963 ta hana karɓar adibas sama da wata shida ba, duk da masu gidaje a Accra na neman shekara ɗaya ko biyu. Wannan sai ofishin Rent Control, mai kula da harkar haya.

Wajen amfani, kada ka tsaya a ma'ana ta farko. Gangara ƙasa, ka nemi misalin da ginin jimlarsa ya yi daidai da na takardarka, sannan ka ɗauki biro.