Baƙin keken China daga Ngaundere zuwa Marwa

Da na ce zan je Marwa daga Ngaundere, a arewacin Kamaru, a kan keke ni kaɗai, kawuna dubana ya yi ya ce, "Kai yaro, motocin haya sun ƙare ne?" Kusan kilomita 500 ne a kan titin N1. Kwana takwas na yi, cikin watan Janairu da hunturu, don wanda ya san zafin Garwa a watan Afrilu ba zai tari wannan aiki da bazara ba.

Keken irin na dattawa ne, ɗan China: baƙin fenti, taya inci 28, birkin sanda, babu giya. Ba sai na kama sunan kamfani ba, duk kusan uwa ɗaya uba ɗaya suke.

Kariyarsa ta ɗaukar kaya dai sai godiya. Galan na ruwa, tabarma, bargo, famfo da ƙullin gari da ƙuli-ƙuli, duk na ɗaure da roba, ko gezau ba ta yi ba har Marwa.

Birkin ne ya kusa kai ni lahira. Ngaundere tana kan tudun Adamawa, sama da mita 1,000, Garwa kuwa can ƙasa take a bakin Binuwai, kuma yawancin saukar a wuri guda ake yin ta, wato gangaren Falez kafin Mbe. Titin kwana kan kwana, ga tireloli da suka ɗauko kaya daga tashar jirgin ƙasa za su Njamena suna huci a bayanka. Na matse birki har yatsuna suka sandare, sai na ji warin roba. Da na tsaya na duba, robar baya ta cinye saura ƙarfe, rim ɗin kuwa ba ya taɓuwa don zafi. Sauran gangaren da ƙafa na sauke shi, ina riƙe da keke kamar mai jan tunkiya kasuwa. Wani jandarma a shinge ya yi ta dariya.

To amma ga inda ya biya ni. A Mbe, wani mai faci a gindin mangwaro ya zaro robar birki daga gwangwanin madara ya sa mini kafin shayina ya huce. A Ngong tsidau ya huda tub sau biyu rana ɗaya, nan ma ban yi tafiyar minti goma ina turawa ba. Wayar ƙafa biyu suka tsinke bayan Figil, wajen kamfanin siminti, yaron da ya gyara cewa ya yi, "Alhaji, irin na babana ne." Da mai giya ne na Turawa, da sai an aika Garwa neman kaya.

Sirdin fa azaba ne. Tun kafin gadar Binuwai na naɗa masa tsohon zane, duk da haka a zaune ban iya cin abincin dare ba. Iskar hunturu kuma daga arewa take busowa, fuska da fuska, ga shi babu giyar da za ka sassauta. Tsakanin Pitowa da Muturwa na sha turi.

Wanda zai bi hanyar nan da irinsa, ya sayi robar birki biyu ya sa a aljihu, ya canja sirdi tun a gida. Nawa yana unguwar Domayo a Marwa wurin ƙanena, yana ɗebo ruwa da shi. Ni a mota na koma.