Wane Tsohon Bawul Ya Fi Dacewa da Firi'amf Ɗinka?

Bawul kwalbar gilashi ce marar iska da ke haɓaka sauti, firi'amf kuwa na'urar da ke fara haɓaka sautin ce kafin ya isa amfilifaya da lasifika. Kafin a yi maganar kamfani, sai mai saye ya duba lambar bawul ɗin da na'urarsa take buƙata. ECC83, wanda Amurkawa suke kira 12AX7, yana da ƙarfin haɓaka sauti na 100, shi kuwa ECC82 bai wuce 20 ba, don haka ba a musanya su ko da ƙafafunsu sun shiga gurbi ɗaya.

A cikin tsofaffin ECC83, ni dai Telefunken na Jamus na fi so, musamman mai sumul ɗin faranti (wato ƙarfen da ake hangowa a cikin gilashin) na shekarun 1950 da 1960. Sautinsa yana fita tas, ba ya ƙara wa murya abin da babu a faifai, kuma ƙugin da ake ji idan an ɗaga sauti babu kiɗa yana da ƙaranci ƙwarai, wanda shi ne abin da ya fi muhimmanci a matakin farko, tunda duk hayaniyar da ta shiga a nan sai ta ninku kafin ta isa lasifika. Ga shi kuma da tsawon rai. Mullard na Blackburn a Ingila yana da taushi, amma a kunnena yana lulluɓe ƙananan sautuka. Amperex Bugle Boy na Holan ba laifi, sai dai kuɗinsa ya wuce amfaninsa.

Matsalar ita ce jabu, domin tambari fenti ne kawai. Telefunken na ainihi yana da alamar lu'ulu'u mai kusurwa huɗu da aka zuba a gilashin gindinsa tsakanin ƙafafu, kuma rubutunsa yana gogewa da ɗan yatsa kamar alli. Wani dillali ya taɓa sayar mini da na masana'antar Ei ta Yugoslabiya, mai faranti iri ɗaya, an buga masa sabon tambari mai sheƙi, gindinsa kuwa fayau. Haka kuma Mullard da ake sayarwa sabo a yau a Rasha ake ƙera shi. Na Blackburn yana da lambobi da harafin B da aka zana a jikin gilashi.

A nemi hoton gindi da sakamakon gwaji na ɓangarorin biyu da ke cikin bawul ɗin. Idan tabon mai launin azurfa da ke samansa ya yi fari, iska ta shiga, ya mutu. Dillalin da ya ƙi yarda a mayar masa da wanda yake ƙara idan an ɗan ƙwanƙwasa shi, a bar masa kayansa.