Keken Burji da Hanyoyin Baƙin Daji: Amsa ga Yaya

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, kuma ƙafar Hajiya ta yi sauƙi. Mu nan Freiburg ta ƙasar Jamus lafiya lau, sai godiyar Allah.

Na ga saƙonka a kan hoton da na turo, wanda nake tsaye da keke a bakin tafki. Abu biyu ka tambaya: nawa ne keken, sannan in aka loda irinsa goma ko ashirin a kwantena ko za su karɓu a Kano, tunda tun da aka cire tallafin mai a 2023 mutane da yawa sun koma kan keke. Na so in amsa da murya, sai na ga maganar ta fi ƙarfin saƙon minti biyu, shi ya sa na zauna na rubuta.

In ka hango keken daga nesa sai ka ce na tsere ne, domin kansa a lanƙwashe yake kamar ƙahon rago. Sai ka matso za ka ga tayar ta fi ta tsere kauri, faɗinta milimita 40, da 'yan haƙora a jiki. Birkinsa na faifai ne irin na babur. Ba kariyar ɗora kaya, ba abin jingine shi, ko ƙararrawa sai da na saya na ɗaura. Nauyinsa bai wuce kilo 11 ba, da hannu ɗaya nake hawa bene da shi, ka tuna kuwa Raleigh ɗin Baba sai mu biyu muke tsallakar da shi dokin ƙofa. A nan Gravel suke ce masa, wato na tsakuwa. Ni keken burji na raɗa masa, don an yi shi ne saboda hanyar da ba kwalta.

Sabo mai dama-dama daga wajen Yuro 1,000 yake farawa, masu kyau kuma 2,000 zuwa 3,000, akwai waɗanda suka haura haka nesa. Nawa na hannu ne, a dandalin saye da sayarwa na intanet mai suna Kleinanzeigen na same shi a kan Yuro 650, kuma ban miƙa kuɗi ba sai da mai shi ya nuna mini rasit da lambar da ke jikin ƙarfen, saboda satar keke ta yi yawa a garin nan. Abokan aikina da yawa ba sa biya a dunƙule. Wurin aiki ne ke karɓar musu keken haya ta hannun kamfanoni irin su JobRad, wanda hedikwatarsa ma a nan Freiburg take, a riƙa cira a albashi har wata 36, in wa'adi ya cika mutum ya ƙara wani abu keken ya zama nasa. Ya yi kama da rancen babur na ma'aikata a gida.

Amma Yaya, abin da ya ƙwace mini hankali ba keken ba ne. Hanyar ce.

Dajin da ke bayan garinmu Jamusawa na kiransa Schwarzwald, ma'ana Baƙin Daji, saboda duhun itatuwansa. Tsawonsa daga arewa zuwa kudu kusan kilomita 160 ne, a jihar Baden-Württemberg, kusa da iyakar Faransa da Suwizalan. Ciki duk hanyoyin tsakuwa ne sun saƙe kamar yanar gizo, kuma ba don masu keke aka yi su ba. Hanyoyin manyan motocin ɗaukar katako ne. An daɓe su da niƙaƙƙen dutse, tsakiyar ta ɗan yi tudu don ruwa ya zirare gefe, ga lambatu a bakin hanya, ga bututu a ƙarƙashi duk inda ƙorama ta ratsa. Ruwan sama zai kwana yana zuba, da safe ka bi ba ka ga kwari ko zaizaya ba. Duk lokacin da na lura da wannan sai in tuna burjin da ke zuwa ƙauyen su Inna, wanda ake zuba wa jar ƙasa kafin damina, zuwa watan Agusta ruwa ya kwashe rabinsa. Ba ƙasar ce ta gaza ba, jar marmararmu tana daɓuwa da kyau. Magudanar ruwa ce babu, kuma babu wanda aikinsa ne ya dawo ya duba.

Motar da ba ta aikin daji ba an hana ta shiga, a bakin wasu hanyoyin ma akwai shinge. Mutum kuwa, a ƙafa ko a keke, doka ta ba shi izinin shiga daji don shan iska, ko da dajin mallakin wani ne. Ba mai tare ka, ba kuɗin ƙofa. Sharaɗi ɗaya da jihar nan ta yi suna da shi: a cikin daji ba a hawa keke a turbar da faɗinta bai kai mita 2 ba, sai inda aka keɓe. Masu keken hawa dutse sun daɗe suna ƙorafi a kai. Ni dai bai dame ni ba, domin hanyoyin katakon sun ishe ni, kuma na ga amfaninsa ga tsofaffin da ke tattaki da sandunansu a ƙananan turbobi.

Ɓata ma da wuya. A mararraba za ka tarar da allo fari da koren rubutu, an sa sunan gari da yawan kilomita. Masu tafiyar ƙafa suna da tasu alamar, wadda wata ƙungiya mai suna Schwarzwaldverein ke kula da ita, kuma an kafa ta tun 1864, galibin masu aikin 'yan sa-kai ne. Ina haɗawa da manhajar Komoot a waya, tana nuna mini inda kwalta ta ƙare da inda tsakuwa ta fara. Wani dattijo da muka huta tare a kan benci ya ce mini ai keke ɗan gida ne a jihar, domin Karl Drais, wanda ya ƙera kakan keke a 1817 ya gwada shi a Mannheim, jami'in gandun daji ne na ƙasar Baden.

Bari in ba ka labarin ranar da aka ɗauki hoton. Asabar ce. Na shiga jirgin ƙasa da keken daga Freiburg, ban biya masa ko sisi ba, don a jiragen kusa na jihar nan keke kyauta ne a ƙarshen mako, a ranakun aiki ma sai tsakanin ƙarfe 6 da 9 na safe ake biya. Ni kuma ina da tikitin wata-wata na Deutschlandticket, wanda aka fara a 2023 a kan Yuro 49 kafin a ƙara masa kuɗi. Jirgin ya haura kwazazzabon Höllental, ya wuce Titisee, na sauka a tashar Bärental, mita 967 sama da teku. Freiburg ba ta kai 300 ba, ka ga jirgi ya ɗauke mini mafi yawan hawan. Daga nan na kutsa daji zuwa Feldsee, wani ɗan tafki zagayayye a gindin Feldberg, dutsen da ya fi kowane tsawo a dajin, mita 1,493. Ruwan ya yi duhu, duwatsu sun kewaye shi, an hana wanka a ciki saboda wata ciyawar ruwa da ba a cika samun irinta ba. Babu abin da kake ji sai ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya da kukan tsuntsaye, wani lokaci ƙararrawar wuyan shanu daga makiyaya. Na haura wani tudu da ake kira Rinken, na gangara kwarin Zastler zuwa Oberried da Kirchzarten, na bi gefen kogin Dreisam har gida. Kusan kilomita 40. Azahar a wata rumfar katako ta masu hutawa na yi ta, na yi alwala da ruwan ƙorama mai sanyin da sai da haƙorana suka kaɗa.

Abinci kam ni nake ɗaukar abina, dabino da gyaɗa da burodi. Gidajen abincin daji suna da tsabta, amma abin da yankin ya shahara da shi naman alade ne busasshe, shahararren kek ɗinsu ma da barasar ceri ake yin sa, dole sai mutum ya tambaya. Abin da ya burge ni shi ne a ƙofar wasu gonaki za ka ga firji ko akwati da madara da ƙwai da cuku, an rubuta farashi, ga asusu a gefe, ba mai tsaro. Ka ɗauka ka jefa kuɗinka. Sai dai ba inda mai shayi zai ce maka sannu da hanya ya tambaye ka daga ina. Ranar Lahadi kuma shaguna a rufe suke ruf.

Kada ka ɗauka dajin ba shi da nasa. Akwai kaska ƙanana a cikin ciyawa masu sa cutar kumburin ƙwaƙwalwa, har sai da na yi allurar rigakafi, kuma duk dawowa sai na duba jikina. Tun farin da aka yi a 2018 wani ƙwaro mai cin ɓawon itace ya kashe itatuwa masu yawa, akwai gangaren da za ka tarar an share shi tas an dasa sababbi. Da hunturu kuma dusar ƙanƙara ke rufe hanyoyin sama, kafin ƙarfe 5 duhu ya yi.

Yanzu ga inda gida ya fi nan, kuma a nan amsar tambayarka ta biyu take. A watan Afrilu wilina na baya ya karkace, sifok biyu suka tsinke. Na tura keken wani shago, aka duba littafi aka ce in dawo bayan mako uku, don lokacin kowa ke fito da kekensa. Da na karɓa, kuɗin hannu kaɗai ya ninka na kayan sau da yawa. A hanyar dawowa mai facin bakin layinmu nake ta tunani, wanda ke ƙarƙashin darbejiya da kwanon ruwansa da sholisho da tsohon tub da yake yankawa. Kafin ka gama gaisawa da mutanen wurin ya ɗaure sifok ya miƙar da wili da ido da yatsa kawai, in ba ka da canji ya ce ka kawo gobe. Wannan ilimi ne, wallahi, mu ne ba mu ɗauke shi a bakin komai ba. A nan tub in ya huje da yawa jefarwa suke su sa sabo, har na'ura ake kafewa a bangon shago mai sayar da tub, ka zura kuɗi ya faɗo. Akwai kuma turaku a bakin hanya da aka ɗaure wa famfo da sifana, kowa ya yi amfani kyauta. Kaya ga su nan birjik, hannun da zai taɓa maka ne ke da tsada. Dole ta sa na koyi gyara a wani wurin da ake ba ka kayan aiki ka yi da kanka, wani na nuna maka.

To ka auna wannan keken a Kano. Bawul ɗinsa siriri ne, bakin famfon masu faci ba ya kama shi sai da mahaɗi. Wilinsa ana ce masa inci 28, amma ba daidai yake da na Phoenix ko Raleigh ba, nasu milimita 635 ne, nasa 622, saboda haka tayarsu ba za ta zauna a kansa ba. Masu tsadar birkinsu da mai yake aiki, in iska ta shiga sai da kayan aiki na musamman. Kacar siririya ce, ƙurar hunturunmu da yashi za su cinye ta da wuri. Da yawa ma ba su da tub, wani farin ruwa mai danƙo ake ɗura wa taya, in ƙaya ta soke ta ya toshe da kansa. Da farko na ce ga maganin tsidau, amma ruwan a nan ma bayan 'yan watanni yake bushewa, ina ga zafin Afrilu a Kano. Sannan mai sayen keke a gida so yake ya ɗora buhu, ko jarkoki, ko ya kai yara makaranta. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ban ba ka shawarar ka zuba kuɗinka a nan ba.

In dai kasuwar kake so, tsofaffin kekunan ƙarfe na cikin gari da na hawa dutse masu taya inci 26 su ne daidai. Suna da kariya ko wurin ɗaura ta, birkinsu na waya ne, kowane mai gyara ya san kansu. A kasuwannin gwanjon keke da ake ci a nan ina ganinsu daga Yuro 50 zuwa 100. Kai ka shiga Sabon Gari ka ji nawa ake sayar da na hannu yanzu, ka tambayi kuɗin fito da na kwastan, ni kuma in binciko kuɗin kwantena daga Hamburg ko Antwerp, sai mu haɗa lissafi mu ga ko akwai riba.

Abu ɗaya ne ke ci mini rai duk ranar da na shiga dajin nan. Nakan haɗu da mace ita kaɗai a kan keke, ko tsoho ɗan shekara 70, nesa da kowane gida, ba wanda ke waiwaye. Sai in tuna Falgore, yadda muke leƙen itatuwa da birai ta tagar mota a hanyar Jos, direba na ta sauri don kada magariba ta same mu a ciki. Da akwai kwanciyar hankali, hanyoyin da ke tsakanin Tiga da Tudun Wada bayan damina, lokacin da dawa ta yi kai kuma ƙasa ta daɓe, ba abin da zai hana a yi irin wannan yawon a kansu. Nakan yi wa dazuzzukanmu addu'a a kan keken nan fiye da yadda kake zato, Rugu da Kamuku da Falgore duka. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya.

Akwai wanda zai zo gida kafin babbar salla, zan ba shi taya biyu inci 26 masu shimfiɗar roba a ciki da ƙaya ba ta cika hudawa ba, ka sa wa keken da yaran ke zuwa makaranta da shi mu ga yadda za su yi da tsidau. Na haɗa da ɗan ƙarfen ɗaure sifok da na yanke kaca, waɗannan na mai facin bakin layi ne, ka miƙa masa ka ce ina gaishe shi. Ka gaida Hajiya da Baba da kyau, ka ce su ci gaba da sa mu a addu'a. A gaida Anti da yara.

Ƙaninka.