Na'urar auna sukari ta gida a hannun mai jinyar kansar hanji

Na'urar da nake magana a kanta ita ce ƙaramar nan mai cika tafin hannu da ake sayarwa a farmasi a nan Damagaram, haɗe da allurar huda yatsa da kwalbar tsinkayen gwaji. Mun saye ta saboda kawuna, wanda ya daɗe yana fama da ciwon sukari kafin a gano yana da kansar babban hanji, aka yi masa aiki, sannan aka ɗora shi a kan maganin kansa na ƙarin ruwa.

Da zarar likita ya ambaci kansa, hankalin gida gaba ɗaya sai ya koma can, sukari kuma a ɗauke shi tsohon ciwon da aka saba da shi. Wannan ganganci ne. Binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna cewa cikin masu kansar babban hanji, waɗanda ke da ciwon sukari sun fi saurin rasuwa, kuma sau da yawa ba kansar ce ke kashe su ba. Zuciya ce ke gazawa, ko ƙoda, ko ciwon aiki ya ƙi warkewa ya yi ruwa, ko jiki ya yi raunin da dole a rage maganin kansar ko a jinkirta shi.

A nan na'urar ta biya kuɗinta. Ɗigon jini ɗaya ya isa, sakamako kuma yana fitowa cikin daƙiƙu kaɗan da manyan lambobi, har Kawu da idonsa ya fara rauni yakan karanta da kansa. Ita ta nuna mana abin da awon safe na ɗakin gwaji ke ɓoyewa: deksametazon da ake ba shi don hana amai ranar ƙarin ruwa yana tayar da sukari da rana zuwa dare, bayan an ci tuwo ko an sha fura, alhali da asuba lambar tana nan lafiya lau. Bayan kwana biyu kuma al'amarin ya juya, domin abinci ba ya shiga amma ƙwayar maganin sukari ana sha. Wata la'asar muka same shi a tabarma yana zufa, hannunsa na rawa, ya kasa riƙe carbi. Na'urar ta nuna 62, wato sukarinsa ya faɗi ƙasa, muka ba shi ruwan sukari, washegari likita ya gyara masa ƙwayar.

Tana da nata aibin. Lambobinta na miligiram a desilita ne, takardun ɗakunan gwajinmu kuwa da giram a lita ake rubuta su, saboda haka 126 a na'ura shi ne 1,26 a takarda, 70 kuma shi ne 0,70. Takardar bayanin da ke cikin kwali ba ta taimaki wanda bai yi boko ba ko kaɗan, mai farmasin ma bai tsaya ya yi mana wannan bayani ba. Tsinkayen su ne babbar ɗawainiya: kuɗinsu cikin ƴan watanni ya wuce na na'urar, wani lokaci a zagaya gari a rasa irinsu, kuma na wani kamfani ba ya shiga. An rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 30, a garin da zafin Afrilu da Mayu ke haura 40. Mu dai a gindin randa muke ajiye kwalbar, a rufe gam. Ya kamata a sani kuma cewa ƙarancin jini, wanda ya zama ruwan dare ga mai kansar hanji, yana iya sa irin wannan na'ura ta nuna lamba sama da gaskiya, don haka ba ta maye gurbin gwajin asibiti.

Oksaliplatin, ɗaya daga cikin magungunan kansar hanji na ƙarin ruwa, yana sa yatsu mutuwa da ƙaiƙayi, a kan wanda sukari ya riga ya jawo, shi ya sa muke huda gefen yatsa muna canzawa kullum.

Ina ba duk gidan da ke da irin wannan majinyaci shawarar ya mallake ta, ya haɗa ta da littafin da za a riƙa rubuta lamba da lokaci da abin da aka ci. Wanda za a tura cibiyar kansa ta Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, wannan littafin ne zai gaya wa likitan can yadda sukari ya yi tsakanin zuwa da zuwa. Kafin a biya kuɗi, a tambayi farmasi biyu ko uku ko suna kawo tsinkayen wannan samfurin.